Jagorar Mai Tattara Tsirrai Da Ƙwari: Daga Sallama Da Inna Zuwa Dawowa Da Kaya Lafiya

Ranar da na fara tara tsofaffin jaridu a zaurenmu na Tudun Wadar Zariya, mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Kai kuma, tsire za ka fara sayarwa?" Na ce a'a Inna, ganye zan riƙa shimfiɗawa a ciki. Ta yi jim, sannan ta ce to Allah ya kyauta, ashe duk bokon nan a 'yar mai ganye zai ƙare. Tun daga lokacin na yi shekaru ina bin masu binciken tsirrai da ƙwari dawa-dawa, wani zubin har a ƙetare iyaka, mu yi wata biyu ko uku ba mu ga Kwangila ba. Yanzu ɗalibai kan zo su tambaye ni yadda ake shirya irin wannan tafiya. Ga abin da nake gaya musu, bi da bi, har da ɓangaren da ba a koyarwa a aji, wato iyalin da za ka bari a gida.

Mataki na farko: san abin da za ka nema

Kada ka fita da niyyar "tattara tsirrai" kawai. Daji ya fi ƙarfin jakarka. Tsayar da abu guda: itatuwan bakin rafi ne, ko ciyayin kan dutse, ko ƙwarin da ke cin gero. Daga nan sai ka shiga ɗakin adana busassun tsirrai ka zauna da abin da na gabanka suka tara. Mu Zazzagawa mun yi sa'a, akwai irin wannan ɗaki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, jami'ar da aka buɗe a 1962, kuma akwai babba a Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Kwana uku a gaban waɗancan akwatuna sun fi maka mako biyu na yawo da ka.

Ka nemi littattafan J. M. Dalziel. Likita ne ɗan Sukotilan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Rubutun Hausarsa na da ne, amma har yau idan tsoho ya ce maka "marke" ko "kirya", a nan za ka fara gano cewa Anogeissus leiocarpa da Prosopis africana ake nufi.

Sai lokaci. Samfuri, wato reshe ko ciyawar da ka ɗebo don adanawa, in ba fure ba 'ya'ya wahalar banza ce, don da su ake tantance tsiro. A ƙasar Zazzau damina kan kankama daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ciyayi sun fi fure wajen Satumba da Oktoba. Manyan itatuwa kuwa da yawansu da rani suke nasu: ɗorawa takan rataya jan furenta bayan sanyi ya fara sauƙi, gawo kuma shi da ma bahago ne, ya zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe. Kafin babbar tafiya, ka yi gwaji na yini ɗaya a Dutsen Kufena ko bakin Galma. A nan za ka gane takalminka na cizo ne ko a'a, tun kana kusa da gida.

Mataki na biyu: takardu

Wannan ba ya da daɗi, amma gajere ne. Kana buƙatar wasiƙar gabatarwa daga makarantarka. Idan gandun daji na tarayya za ka shiga, kamar Gashaka-Gumti, sai da izinin hukumar da ke kula da su. In ƙasar waje ce, ga fasfo, ga katin rigakafin shawara, ga izinin bincike na ƙasar, kuma lallai ka sami wata jami'a ko cibiya ta can da za ku yi aikin tare. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tabbatar wa kowace ƙasa ikon tsirranta da ilimin mutanenta, zamanin cika akwati a tsallake da shi ya wuce. Akwai kuma yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta taƙaita fitar da halittun da ke neman ƙarewa. Ɗankunya da aku mai jan wutsiya suna rukunin da aka fi tsaurarawa, madobiya ma ta shiga rukuni na biyu na jerin tun 2017. Fitar da kayan tsiro daga Nijeriya kuwa yana buƙatar takardar shaidar lafiyarsu daga hukumar NAQS, mai duba kayan gona da ke shiga da fita ƙasar. Yi hoton kowace takarda kashi uku: ɗaya a jaka, ɗaya a waya, ɗaya a gida.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba. Dajin da mutanen yankin suka ce kada a shiga, ba a shiga, ko da furen aljanna ne a ciki.

Mataki na uku: gyara gida kafin ka sa ƙafa a mota

A nan matasa suka fi yin sakaci. Mutum ya yi wata guda yana lissafin jaridu da kwalabe, amma bai zauna da matarsa minti talatin ya yi lissafin cefane ba.

Fara da iyaye. Ka je da kanka, ka durƙusa, ka faɗi inda za ka, da wanda za ku tafi, da ranar da kake sa ran dawowa, ka nemi albarka. Kada ka rage kwanakin don ka kwantar musu da hankali. In wata uku ne, ka ce uku da 'yan kwanaki. Gara ka dawo da wuri a yi murna da a yi ta duban hanya. Sannan ka kewaya dangi na cikin Birni da na Sabon Gari, musamman tsofaffi da marasa lafiya. Zumunta a ƙafa take, kuma ba ka san wanda za ka dawo ka tarar ba.

Sai ka naɗa wakili, mutum ɗaya tak, yayanka ko amininka, ka faɗa a gaban iyalinka cewa shi ne zai tsaya in an kai yaro asibiti ko mai gidan haya ya zo. Ajiye hatsin da zai kai dawowarka da ɗoriyar wata guda. Biya kuɗin makarantar yara na zangon da zai kama ba ka nan. Kuɗin cefane kuwa a hannun uwargida ya kamata ya zauna, ba a hannun wakili ba, don kada ta riƙa aike tana roƙon kuɗin daddawa. Ka rubuta basussuka, na kanka da wanda kake bi, ka sa hannu ka bar takardar a gida. Ba fatan mutuwa ba ne, koyarwar addini ce.

Abu na ƙarshe, ku yi magana a kan mummunan labari. Mutanenmu suna da al'adar ɓoye wa matafiyi rasuwa "don kada hankalinsa ya tashi". Ni dai nakan ce wa yayana, "Yaya, don Allah kome ya faru a gaya mini a ranar, ni zan yanke shawarar dawowa ko zama." Alfred Russel Wallace, Baturen Ingila da ya yi shekara huɗu yana tattara halittu a yankin kogin Amazon daga 1848, ƙanensa Herbert ya biyo shi can, shawara ta kashe yaron a garin Para a 1851, shi kuwa yana can cikin daji, sai bayan watanni labari ya iske shi. Shi rashin hanya ne ya jawo masa. Kai da waya ke aljihunka, kada kunya ko kara ta mai da kai kamarsa.

Mataki na huɗu: kaya

Katakon matsi guda biyu, kowane kamar santimita 30 da 45. Kafinta zai haɗa maka da siraran katako a giciye kamar taga, don iska ta ratsa. Igiya mai ƙarfi ko robar tayar keke. Jaridu kamar ba gobe, da kwalaye masu ramuka a ciki, a yanka daidai girman katakon. Almakashin reshe, adda, ƙaramar dagi ta tono saiwa, manyan ledoji, ƙananan ambulan na iri, gilashin ƙara girma na hannu, tef ɗin awo. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, wanda masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ke da shi. Littafin rubutu mai taurin bango da fensir, ban da biro, don ruwa da sifirit duk suna wanke tawada. Waya mai nuna lambobin wuri, da ƙaramin sola na caji.

Na jikinka: takalmi mai rufe idon sawu, dogon wando mai kauri, malafa, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, tocila. Guzuri kuwa bar wa mata, sun fi ka sani: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, yaji. Ranar da ka yi sati uku kana cin abin da ba ka san sunansa ba, wannan yajin zai zame maka ɗan'uwa.

Mataki na biyar: shiga gari, sannan shiga dawa

Da ɗan gari akan ci gari. Kana isa, ka nufi ƙofar dagaci ko mai unguwa, ka gaishe shi, "Ranka ya daɗe, baƙi ne masu nazarin itatuwa," ka nuna takarda, ka roƙi a haɗa ka da maharbi ko mai maganin gargajiya. Ku yi cinikin ladansa tun a gaban mai gari. Shi zai nuna maka kurmin da ba a sara, da kushewar da ba a takawa, da inda kububuwa ke kwanciya. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti mai allurar dafi. Tun kafin ka fita ka san wane ne mafi kusa.

Fita da sassafe, bayan raɓa ta ɗan ɗauke. In ka ga tsiron da kake so, kada ka kai masa hannu tukuna. Dubi yawansa. Ƙa'idar da na tashi da ita ita ce in ba su kai ashirin a wurin ba, hoto kawai za ka ɗauka. In suna da yawa, ƙaramar ciyawa a tuge ta har saiwa. Itace kuma a yanki reshe wanda bai wuce tsawon katakon matsi ba, mai ganye da fure ko 'ya'ya. Ɗebi kashi uku zuwa biyar na kowane, daga baya za ka ga dalili.

Yanzu ga zuciyar aikin. Kafin ka matsa daga gindin itacen, buɗe littafi ka ba shi lamba. Lambar nan taka ce, daga 1 take farawa, ba ta komawa baya har ka bar duniya. Kada ka sake farawa don an shiga sabuwar shekara. Duk kashin da ka ɗiba daga itace ɗaya lambarsu ɗaya. Rubuta ta a littafi, a gefen jaridar, da kan 'yar takarda ɗaure a reshen. Sai kwanan wata, sunan ƙauye da nisansa daga babban gari, lambobin wuri daga waya, da irin ƙasar: jigawa ce, fadama ce, ko tsakuwa. Daga nan ka rubuta duk abin da bushewa za ta cinye. Tsawon itacen. Kamannin ɓawo, da launin da ya fito in ka ɗan sare shi. Yana da ƙaro ko farin ruwa irin na tumfafiya? Furen fari ne ko ɗorawa-ɗorawa, yana ƙamshi ko wari? Wane ƙwaro ka gani a kansa? In kauci ne, a kan wane itace yake. Kaucin da ba a rubuta uwar ɗakinsa ba rabin samfuri ne.

Sunan gargajiya kuma ka rubuta shi yadda aka faɗa, da harshen da aka faɗa, da garin. Abin da wani ke kira ƙuduji wani wuta-wuta yake ce masa, kuma sau da yawa suna ɗaya yakan rufe tsiro biyu ko uku. Kada ka gyara wa tsoho. Ka ce, "Baba, a nan me kuke ce masa? Me ake yi da shi?" In ya ce wannan sirrin gidansu ne, rufe littafin. Wanda ya yarda ya faɗa, ka nemi izininsa kafin ka wallafa.

Na taɓa ƙin rubutu wata rana don hadari ya taso, na ce in mun isa masauki zan tuna. Da dare na zazzage leda, ga rassa goma sha ɗaya, uku kamarsu ɗaya, na rasa wanne ne na bakin rafi wanne na kan tudu. Duk ukun na zubar. Tafiyar awa shida ke nan a ƙafa.

Mataki na shida: matsi da busarwa

A ranar ake matsewa, kada a kwana. Buɗe jarida, kwantar da reshen yadda ganye ba zai hau ganye ba, ka juya ɗaya ko biyu su nuna bayansu, don gashin bayan ganye na cikin abin da masana ke dubawa. In ganyen ya yi cunkoso, rage wasu amma ka bar gindinsu a san akwai. Doguwar ciyawa irin gamba a lanƙwasa ta biyu ko uku, kada a yanke. Rufe jaridar, ɗora kwali, sai wata jaridar, sai kwali, har su taru. Sa katako sama da ƙasa, hau kai da gwiwa, ka ja igiya.

Washegari ka kwance, ka gyara duk ganyen da ya naɗe tun yana da taushi, ka canza jaridun da suka jiƙe. Haka kullum har kwana uku, daga nan bayan kwana bibbiyu. Da hunturu aikin wasa ne, iskar kanta ke yi maka, cikin 'yan kwanaki ganye ya yi ƙaƙas. A watan Agusta ko cikin kurmin kudu kuwa, sai ka yi da gaske. Jingine matsin a gefensa, ramukan kwalin na kallon sama, ka sa kaskon garwashi a ƙasa da tazarar kamu uku ko huɗu, ɗumi ya riƙa ratsawa. Ɗumi ake so, ba gashi ba. In hannunka bai iya daɗewa a wurin ba, ya yi yawa. Kuma kada ka yi barci ka bar shi. Alamar bushewa: ka ɗora ganyen a kumatunka, in ka ji sanyi, da saura.

In ruwa ya hana komai, akwai dabara. Ɗaure jaridun da samfurinsu dami guda, zura cikin leda mai kauri, kwarara sifirit har takardar ta jiƙe, fitar da iska ka ɗaure baki. Za su yi makonni ba su ruɓe ba, ka busar in ka dawo. Illarta launi zai tafi, kuma ba za a iya gwajin ƙwayar halitta da su ba. Don haka kafin nan ka tsinki ɗan sabon ganye ka sa a ambulan, ka binne cikin tsakuwar silika mai shan danshi.

Masu kauri suna da nasu hali. Tinya sai an tsaga ta a kankare cikinta, kuma a kiyaye ido da ruwanta. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ke ziyartarsa, kafin wani daren ya yi yaushi. Gara ka jefa ɗaya a kwalbar sifirit da lambarsa a rubuce da fensir a ciki.

Ƙwari, a taƙaice

Ragar kamu ta yadin gidan sauro ta isa. Malam-buɗe-littafi a matse ƙirjinsa da yatsu biyu, a haɗe fikafikan sama, a sa a takarda mai kusurwa uku. Kada a taɓa fiffiken, hodar nan ita ce kamanninsa. Buzuzu da danginsa a kwalba mai auduga da aka ɗiga wa ruwan goge farce, daga baya a soke su da allurar ƙwari ta fiffiken dama. Masu laushi irin tsutsa da gara sai sifirit. Da dare, farin zane da fitila za su kawo maka fiye da abin da za ka iya rubutawa. Babban abokin gabarka kiyashi ne: sa kafur a akwati, ka tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa.

Mataki na bakwai: saƙon gida

Tsayar da rana, misali duk Juma'a bayan la'asar, ka cika alkawari ko da sai ka hau dutse neman sabis. Tun kafin ka shiga inda babu sabis ka sanar: "Kwana goma ba za ku ji ni ba, ba wani abu ba ne." Bar musu lambar wani a masaukinka. In nesa ka tafi, lura da agogo. Maleshiya na gaban Zariya da awa bakwai, Landan kuwa daidai muke da bazararsu, da sanyinsu muna gaba da awa ɗaya.

Inna ba ta karanta saƙon waya, saboda haka murya nake aika mata ta WhatsApp ɗin ƙanwata. Kuma na koyi cewa "lafiya lau" ba labari ba ne. Gaya mata me ka ci, wa ya yi maka kirki, an yi ruwa ko ba a yi ba. Ranar da na ce mata na ga kaɗanya a ƙasar da ba a jin Hausa, kuma matan can ma suna kaɗa man, ta yi sati tana ba maƙwabta labari. Yara kuma nakan ba su aiki: su matse mini ganyen duk itacen da ke layinmu a cikin tsohon littafi, su rubuta rana. Na dawo na tarar da ganyen dalbejiya har kashi tara.

Uwargida ta samu nata kiran daban, ba a haɗa ta da gaisuwar gayya ba. Tambaye ta ita kanta kafin ka tambayi yara da awaki. In suna ko biki ya kama ba ka nan, aika gudummawa ta hannun wakili a kan lokaci, ka kira mai abin a ranar.

Mataki na takwas: dawowa

A 1852 Wallace ya kamo hanyar Ingila a jirgin ruwa mai suna Helen, jirgin ya kama wuta a tsakiyar teku, akasarin abin da ya ɗebo da littattafan bayanansa suka ƙone, shi da sauran mutane suka yi kwana goma a ƙananan kwale-kwale kafin a tsince su. Abin da ya aika gida tun da farko ne ya tsira. Dalilin kashi uku zuwa biyar ke nan. Bar kashi ɗaya a cibiyar ƙasar da ka yi aiki, haƙƙinsu ne. Raba sauran a jaka daban-daban. Littafin kuma ka ɗauki hoton shafukansa kowane dare, ka tura wa wani a gida duk lokacin da sabis ya samu. A wata iyaka an taɓa tsare ni awa huɗu ana jujjuya damin ganye ana tambayata ko na sha ne, takardar izini da lambobin littafi suka fitar da ni.

Kana isowa Zariya, kada ka kai kayan cikin tsofaffin samfura kai tsaye. Naɗe su a leda, su yi mako guda a firiza don ƙwai da ƙwarin da suka biyo su su mutu. In wutar unguwarku ba ta zama, nemi ɗakin gwaje-gwaje mai janareta. Daga nan a liƙa kowane a farar takarda mai kauri, kamar santimita 29 da 42, da ɗan gam da zare a wuraren kauri, takardar bayani a kusurwar dama ta ƙasa, 'ya'yan da suka zube a ƙaramin ambulan a gefe. Sunan jagoranka ya shiga takardar a matsayin abokin tattarawa in ya amince, kuma ka aika masa hotunan da ka yi alkawari.

Amma wannan duk aikin sati na biyu ne. Satin farko ka sa kaya a firiza ka fita gaishe-gaishe: ta'aziyyar da aka yi ba ka nan, barkar haihuwa, dubiya. Tsaraba kuma a saya a kasuwa. Inna ta taɓa cewa in taho mata da irin wani barkono da na ba ta labari, na ce Inna, wannan sai da takardar hukuma. Ta ce barkonon? Na ce shi fa. Turmin atamfa na kawo mata, ta karɓa, amma har yau in miya ba ta yi yaji ba sai ta tuna mini.